Birkin Jirgin Saje

Saratu, ɗiyata, lokacin da za ki iya karanta wannan da kanki, na san an riga an ba ki labarin kakanki ta bakin da ba nawa ba. Wata rana a bakin famfo, ko a harabar coci bayan an tashi sujada, wata tsohuwa za ta kama haɓarki ta ce, "Jikar Saje ce, wanda burkutu ya jefa rami da motarsa." Cikin tausayi za ta faɗa, ba da mugunta ba, shi ya sa maganar za ta fi shigar ki. Ban tsufa ba tukuna, kuma masu rubuta tarihin kansu sukan jira furfura. Ni ba zan jira ba, domin waɗanda suka san gaskiyar abin tun daga tushe mu uku ne, biyu kuma sun riga sun kwanta.

Motar da ke ƙarƙashin mangwaron gidanmu, wadda kike ɓuya a bayanta idan an kira ki wanka, ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba ya saye ta a Legas tun yana saurayin soja mai gyaran motoci a bariki, daga hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, kuma ko a lokacin ta riga ta tsufa. 'Yar Amurka ce, ƙofa biyu, koriya shar kamar ganyen mangwaro bayan ruwa, da dogon hanci wanda mutum zai iya miƙewa a kai ya yi barci. Injinta mai fulogi takwas ne. Idan aka tayar da ita kaji sukan watse, gilashin taga ya yi ta karkarwa, maƙwabta su san Saje zai fita. Da ya yi ritaya ya dawo da ita Zuru, mutanen gari suka sa mata suna Jirgin Saje. An ƙera ta ne don shimfiɗaɗɗun tituna, ba don hawa da gangaren ƙasarmu ba, Baba da kansa yakan shafa bayanta ya ce gudu ta iya, tsayawa ce ba a koya mata da kyau ba.

Saboda haka Asabar a gidanmu ranar birki ce. Akwai aikin da makanikai ke kira bilidin, wato fitar da iskar da ta shiga cikin man birki, domin idan iska ta shiga, ƙafa sai ta riƙa nutsewa kamar an taka soso. Aikin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Dole wani ya kwanta a ƙasa yana buɗe ɗan notin da ke jikin taya yana rufewa, wani kuma ya zauna a kujerar direba yana taka birki. A gidanmu Baba ne a ƙasa, Mama a sama. Takan cire silifas ɗinta a bakin ƙofar motar ta shiga da ƙafa tsirara, wai ta haka ne take jin abin da birkin ke faɗa, faifan wake a cinya tana tsincewa. Ni kuma aikina riƙe kwalbar da man ke zuba a ciki, ina kallon ƙananan kumfa suna tasowa kamar idanun kifi.

"Taka!" in ji Baba daga ƙasa, da muryar fareti.

"Na taka."

"Riƙe!"

"Na riƙe, Saje. Ai ba gudu zan yi ba."

"Saki!"

"Ni dai an yi mini golmo, noman neman aure, na 'yan shekaru a gonar ubana aka huta," in ji Mama, tana magana da waken da ke cinyarta. "Wannan koriyar kuwa har ka mutu kana mata golmo."

Dariyar Baba takan fito daga ƙarƙashin mota kamar daga cikin rijiya. Wana Ishaya bai taɓa tsayawa wajen ba, shi tun yana yaro kakin soja yake so, ya kuma samu. Ni ce na tsaya. Ba don ina son ƙarfe ba, a'a, ni yarinya ce mai littafi da kallon gajimare. Muryoyin nan biyu nake so, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, ni a tsakiya.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Sakkwato aka kira ni. Baba ya je ƙauyen Manga duba gonarsa, ya biya gidan wani ɗan'uwansa inda aka yi gayya aka dafa burkutu. A kan hanyar dawowa, a gangaren da ke kaiwa wata 'yar gada, motar ta ƙi tsayawa, ta bar hanya ta faɗa kwari ta daki dutse. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Tarakta ce ta jawo motar gida, aka rufe ta da tamfol. Tun ba a tashi zaman makoki ba magana ta fara zagayawa a hankali: ai daga gidan gayya ya fito. Baba ya daina sha tun kafin a haife ni, kowa ya sani, amma mutane sun fi son labarin da ke da sauƙin ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Mama. An faɗa a gabanta ba sau ɗaya ba, ba ta taɓa buɗe baki ta ce ƙarya ne ba. Ta daina waƙa a zumuntar mata, ta daina kunna rediyo. Idan za ta bayan gida sai ta zagaya ta wajen rumbu don kada ta bi ta gefen tamfol ɗin. Na yi fushi da ita, irin fushin da ba ya fitowa, ya zauna a ƙirji yana tsami.

Bayan na gama bautar ƙasa na samu aikin koyar da adabi a wata makaranta a Kaduna. Na zo gida ne kawai in haɗa kayana, farkon damina. Washegari sai ga Baba ƙarami Markus, ƙanin Baba, da 'yan gwangwan biyu, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Suka yaye tamfol, suka zagaya motar suna ƙwanƙwasa ta da ƙafa, suna shawarar ta inda za su fara yankawa. Mama tana bakin ƙofar ɗakinta, idonta a ƙasa.

"Matar yaya, kin amince?" in ji Baba ƙarami. "Zamanta a nan ba alheri ba ne. Macizai ma za su tare a ciki."

"A ɗauke ta," in ji Mama.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, a bar mini ita zuwa yankan dawa. Zan tayar da ita."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi farcena da na sa wa lalle. "Rahila, da waƙa za ki gyara ta? Ko Turanci za ki yi mata ta tashi?"

'Yan gwangwan suka yi dariya. Amma shi mutum ne mai son a ce ya yi adalci, sai ya ce to, zuwa yankan dawa, in ba ta fita gidan nan da ƙafarta ba za ta fita gunduwa-gunduwa. Mama ta saki labule. Da yamma na kira makarantar na roƙi su jira ni zuwa wani zangon. Matar da ta ɗauka ta yi mini magana mai daɗi, ta ce ba za su iya ba. Na ajiye wayar na daɗe ina kallon akwatina da na riga na ɗaure. A lokacin da wani ya tambaye ni dalili, da na ce ina so in wanke sunan Baba. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Na ji a jikina cewa idan aka yanka motar nan, Asabar ɗinmu ce aka yanka, ni da Mama kuma ba za mu sake samun abin da za mu ce wa juna ba har abada.

Malamina a wannan aiki shi ne Malam Umaru, wani tsohon bakanike Bakabe da ke zaune a unguwar Rikoto, aminin Baba tun suna samari. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi, ƙafarsa ta dama da hannunsa ba sa motsi, kullum yana jingine da bangon zaurensa a kan tabarma. Bai iya zuwa wajen motar ba, don haka ni nake kai masa ita a waya, hoto bayan hoto, wani lokaci in ɗauko ƙarfen da kansa a leda. Abin da bai gane ba in nema a bidiyon Turawa masu irin motar, in fassara masa, ya yi tsaki ya ce su suna da kayan aiki, mu muna da haƙuri.

Daminar nan a ƙarƙashin mota na yi ta. Gabanta ya lotse, sai da mai bugun kwano ya zo ya miƙar da shi, tankin ruwa ya fashe aka nemo wani, injin kuwa Allah ya tsare shi, wanki da sabon mai kawai ya nema. Ina kwance a kan buhu, ruwa na ɗiga daga ganyen mangwaro a kan rufin motar, kowane ɗigo da irin sautinsa. Wani lokaci nakan manta da sufana a hannuna in yi ta sauraro. Ƙawayena na makaranta suna ta aure da samun aiki, ina ganin hotunansu a waya da yatsa mai baƙin mai. A coci 'yan mata sukan kalli farcena su kalli juna. Akwai wani malamin firamare da ke zuwa hira wajena, ya zo ya same ni ƙafafuna kawai ke waje, ya gaisa da ƙafafun, bai sake dawowa ba. Ishaya yakan kira daga inda aka tura shi, layin na yankewa, ya ce, "Injiniya, yaya jirgi?" ya yi dariya, layin ya ɗauke. A cikin gida kuwa ni da Mama muna wuce juna kamar baƙi a tasha. Sai dai kullum da rana nakan fito daga ƙarƙashin motar in tarar da kwanon abinci a rufe a kan wani dutse, nesa kaɗan da inda inuwar motar ta tsaya. Ban taɓa ganin lokacin da take ajiyewa ba.

Da aka zo kan birki na ce wa Malam Umaru zan sayo irin kayan da ke jiki in mayar. Ya girgiza kai.

"A'a, ɗiyata. Abin da ya kashe aminina ba mu maida shi. Wagga mota birkin diram gare ta ƙafa huɗu, in ta sha gangare sai su yi zafi su saki. Kuma masta tata ɗaki guda ce."

"Masta fa, Baba?"

"Tukunyar man birki, wadda ƙafa ke turawa. Ɗaki guda, bututu guda. In ya huje ko'ina, ƙafa huɗu duk sun tafi. Ki nemo mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban, in guda ta mutu guda ta riƙe ki. Gaba kuma ki cire diram ki sa birkin faifai irin na motocin zamani. Na sha gaya ma Saje. Ya ce shi yadda anka ƙera ta yake son ta."

Ya share ido da hannunsa mai lafiya. "Taurin kai gare shi, Allah ya jiƙan maza."

Sai da na je Kaduna, kasuwar tsofaffin ƙarafa, na yini ina yawo da tsohon diram a jaka ina gwadawa, kafin na samu faifai da abin matse shi na wata a-kori-kura da suka yi kusa da girman namu, da masta mai ɗaki biyu. A hanyar komawa tasha motar haya ta bi ta gaban makarantar nan. Tagogin aji a buɗe, wata mace tana tsaye gaban allo da littafi a hannu, yara sun ɗaga hannuwa. Na rungume jakar ƙarafana a cinya, nauyinta ya sa ƙafata ta yi sanyi, ban kau da kai ba har muka wuce.

Kayan ba su zauna daidai ba, tun da ba don juna aka yi su ba. Mai walda ya yanka mini ƙarfen da zai haɗa su, muka gwada, ya goge, muka sake, har ya fara ɓuya idan ya hango ni. A ƙarshe suka zauna, tayar ta juya ba ta gogar komai. Sannan na shiga cire tsofaffin bututan mai don in shimfiɗa sababbi. Ina bin babban bututun da hannu daga gaba zuwa baya, daidai ƙarƙashin kujerar direba, inda wani ɗan ƙarfe ya maƙale shi a jikin shasi, na tarar da laka ta shekaru ta daskare a wurin. Na ƙanƙare ta da sukudireba. A ƙarƙashinta bututun ya ci tsatsa har ya zama kamar ɓawon gyaɗa, kuma ya tsage ta tsawonsa, leɓunan tsagar sun buɗe waje kamar kwanson wake da ya bushe a rana.

Na yanko wurin na hau acaɓa zuwa Rikoto ko hannu ban wanke ba. Malam Umaru ya juya shi a haske ya daɗe yana kallo.

"Dutse bai yi wannan ba. Dutse ciki yake lotsawa. Wanga daga ciki ya fashe." Ya miƙo mini. "Ya ga gangare ya taka da ƙarfi, bututu ya buɗe, ƙafarshi ta tafi ƙasa. Ko limami ke tuƙi, iyakar abin ke nan."

Na dawo gida kamar ina tashi sama. Mama tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Na tsuguna na ajiye guntun bututun a kan murfin tukunya a gabanta.

"Mama, ba burkutu ba ne. Ga abin da ya kashe Baba."

Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta rungume ni. Ta ajiye muciya, ta ɗauki ƙarfen da yatsu biyu kamar mai zafi.

"Ba iska ba ce?" ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Wace iska?"

"A cikin man. Idan ba a yi bilidin ba."

"Iska laushi take sa birki, Mama, kin fi ni sani. In an taka sau biyu yana kamawa. Wannan huda ce. Man ne ya zube gaba ɗaya."

Ta tashi da ƙarfen a hannu ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Tuwon ya kama a tukunya, ni na sauke shi. Kwanaki suka wuce ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na koma ƙarƙashin mota da baƙin ciki fiye da na da, domin na kawo mata abin da na ɗauka shi take jira, ta karɓa ta rufe ƙofa.

Dawa ta nuna, aka fara yanka. Baba ƙarami ya aiko cewa ranar Litinin zai zo da mutanensa. Zuwa Asabar komai ya haɗu: injin ya tashi har kaji sun tuna tsohon tsoronsu, sababbin bututai suna ƙyalli, na cika masta da mai. Saura bilidin kawai. A nan ne na tsaya cik, domin duk watannin nan na saba yin komai ni kaɗai har na manta akwai aikin da ba ya karɓar mutum ɗaya. Na gwada dabara, na tokare birkin da taɓarya a jikin kujera, in ruga ƙasa in buɗe noti, in dawo. Taɓaryar ta yi ta zamewa, iska tana komawa ciki. Na fita neman ƙafa. Unguwa duk an tafi gona, waɗanda suka rage kuma da na faɗi buƙatata sai fuska ta canza.

"Kujerar da mutum ya ga ajalinsa a kai?" in ji maƙwabciyarmu, tana ja da baya. "Rahila, ki nemi wani abin in yi miki. Wannan kam a'a."

Na dawo na shige ƙarƙashin motar na kwanta, ba don aiki ba, don nan ne kaɗai wurin da ba mai ganina. La'asar ta yi, hasken rana ya shigo ta tsakanin tayoyi ya kwanta a ƙasa. Ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar dawa, hawaye na gangarawa cikin kunnena. Sai na ga ƙafafu biyu sun tsaya a bakin ƙofar direba. Sun daɗe a tsaye. Sannan ƙafa ɗaya ta zame daga silifas, ɗayar ma ta zame. Ƙofar ta yi ƙara, motar ta ɗan nutsa a kaina, silifas biyu suka rage a ƙasa su kaɗai.

"Ta nesa ake farawa," in ji muryar Mama ta cikin ƙarfen da ke tsakaninmu. "Tayar baya ta dama. Ko ba a nuna miki wannan a waya ba?"

Na ja jiki zuwa can, na sa sufana, na saita kwalba. Kalmar ta fito can ƙasa-ƙasa.

"Taka."

"Ɗaga murya, ubanki ba haka yake yi ba."

"Taka!"

"Na taka."

"Riƙe!"

"Na riƙe."

Na buɗe notin, man ya fito da kumfa yana tofi, na rufe. Muka sake, muka sake. Muna kan taya ta biyu, ƙafarta tana ƙasa, ta fara magana da yarenmu na C'lela, wanda ba ta yi da ni sai abin ya kai zuciya. Ba ta ganin fuskata, ba na ganin tata, ina jin shi ya sa ta iya.

"Ran da ya tafi Manga, da safe ya kira ni. Ya canza roba a tayar nan da kike riƙe da ita. Ya ce, Saratu, zo ki taka mini. Na riga na ɗaura zanen zumunta, kuma mun kwana da faɗa a kan motar nan. Na ce masa in tana da ƙafa ta taka wa kanta. Ya yi dariya, ya ce to zai lallaɓa. Da aka fara cewa burkutu ne, na ji. Na bar su suka ɗora masa, don kada a ɗora mini."

Sufana tana hannuna, na kasa juya ta. Duk fushin da na tara mata na neme shi a ƙirjina ban same shi ba.

"Rahila. Da na taka masa ran nan, bututun ba zai fashe a nan tsakar gida ba? Ya gani ya gyara?"

Na so in ce a'a da sauri. Amma matar da ta yi shekaru tana sauraron birki da tafin ƙafarta ba a yi mata ƙarya a kan birki. Ni ma na yi wa Malam Umaru wannan tambayar ta wata fuska, don haka na ba ta amsarsa yadda ya ba ni.

"Ban sani ba, Mama. Malam Umaru ya ce ƙafar mai bilidin a tsakar gida ba ta kai ƙarfin ƙafar wanda ya hango kwari ba. Ya ce tsatsar ta daɗe tana jiran babban taku. Sauran Allah ne ya sani."

Motar ta ɗan yi rawa a kaina, a hankali, kamar yadda gado ke yi idan mutum yana kuka ba ya so a ji. Na jira. Tururuwar nan ta kai ƙwayarta rami ta dawo.

"To," in ji Mama daga baya, ta ja hanci. "Kin bar ni da ƙafa a ƙasa, ta fara ciwo. Ki rufe notin ki ce in saki."

Muka gama baya muka dawo gaba, ina fitowa ina ƙara mai ina komawa. A taya ta ƙarshe man ya fito garau ba kumfa ko ɗaya. Na ji ta taka, ta sake takawa, sannan ta buga sitiyari da tafin hannu.

"Ya yi tauri! Ke, wannan ai dutse ne. Bai taɓa yin haka ba a hannun ubanki."

Ranar Litinin Baba ƙarami ya shigo da 'yan gwangwan da tukunyar gas ɗinsu ta yankan ƙarfe, ya tarar da injin yana ruri, ni a sitiyari, Mama a gefena da zanen zumunta da jaka a cinya. Ta leƙo ta taga.

"Markus, kauce mana, Manga za mu."

Na tuƙa a hankali. Mutane suna miƙewa daga yankan dawa suna kallonmu da lauje a hannu. Muka je muka juyo, muka hau kan gangaren. Dogon hancin motar ya sunkuya, gadar ta bayyana a ƙasa, na ji nauyin ƙarfen nan duka yana son ya gudu. Mama ta dafa gwiwata. Na taka. Jirgin Saje ya tsaya cak, ba ja gefe, ba kuka, kamar doki mai ladabi. Mama ta fita ta tsaya a bakin kwarin ita kaɗai, iska na kaɗa gefen ɗankwalinta. Ban bi ta ba. Abin da ta faɗa a wurin nasu ne su biyu.

A taron zumunta na gaba ta miƙe a gaban mata da guntun bututun a hannu, ta faɗi komai, har da abin da ta ce masa da safen nan. Waɗanda suka ji sun ji. Amma labarin farko ya riga ya yi saiwa a gari, shi ya sa nake rubuta miki wannan. Guntun ƙarfen yana cikin aljihun motar, naɗe a cikin hankicin kakarki. Idan wata ta kama haɓarki ta faɗi maganar burkutu, kada ki yi faɗa da ita. Ki je ki buɗe ki duba da idonki.

Ban koma Kaduna ba. Na samu aji a wata ƙaramar makaranta a nan, na auri babanki, aka haife ki aka sa miki sunanta. Mun samu 'yan shekaru ni da Mama muna Asabar ɗinmu, ita a sama ni a ƙasa, ta koma waƙa, ta koma tsokana. Malam Umaru ya riga ta tafiya, ita kuma bara da damina ta bi shi, cikin barcin rana, ba ciwo mai tsawo. Babanki yana can bakin tafkin Chadi da bindiga, sai a waya muke jin sa idan layi ya yarda. Gidan ya koma shiru, irin shirun da na sani.

Kwanan nan birkin ya fara laushi. Ba wani abu ba ne, man ya tsufa, yana son a canza a yi bilidin. Har yanzu ba mai yarda ya zauna a kujerar, ni kuma ba na fita da mota a kan birkin da ban yarda da shi ba, don haka tana nan ƙarƙashin mangwaro. Asabar da ta wuce na shiga ƙasa ina duba bututai, sai na ga 'yan takalmanki ja sun faɗo a bakin ƙofa, ɗaya a kife. Ban san wa ya gaya miki ana cirewa ba. Motar ko motsi ba ta yi ba da kika hau, don ba ki da nauyi.

"Mama, na taka?"

Na leƙo. Kin zamo har bakin kujera, kin kama sitiyari da hannu biyu, kin miƙe ƙafa iyakar ƙarfinki, yatsunki suna lilo a iska, tsakaninsu da birkin kusan taƙi guda.

Na koma ƙasa na kwanta, na ɗauki sufana.

"Saura kaɗan," na ce. "Zan jira ki."